Yadda Ake Zaɓen Taurin Shaf na Direbar Golf Gwargwadon Gudun Sandarka

A cikin sanduna 14 da doka ta yarda ɗan golf ya sa a jakarsa, direba ce mafi tsawo, ita ce mai kai ƙwallo nesa, kuma ita aka fi saya da ka. Mutum zai juya kan sandar ya duba, ya karanta sunan kamfani, ya taya, amma shaf ɗin, wato dogon karan da ya haɗa mariƙi da kai, ko kallo bai ishe shi ba. In ma ya duba, harafin S yake nema, don ya ji an ce shi gwanaye ke riƙewa. Daga nan sai a shekara ana fama da ƙwallon da ya ƙi tashi sama, yau a ɗora wa iska laifi, gobe a ɗora wa kafaɗa.

Abin da kake buƙatar sani kafin mu fara bai da yawa. Lokacin da ka ɗaga sanda ka sauko da ita, shaf ɗin yakan lanƙwashe, sannan ya miƙe ya ɗan wuce gaba daidai lokacin da kai ya isa ƙwallo. Mai saurin hannu yana lanƙwasa shi sosai, don haka yana buƙatar mai tauri. Wanda hannunsa bai kai haka sauri ba yana buƙatar mai laushi, wanda zai ji nauyin kai a cikinsa. Kamfanoni sun raba taurin da haruffa: L mafi laushi, sai A (wasu na rubuta M), sai R, sai S, sai X mafi tauri. Gudun sandarka ne zai nuna maka harafin da za ka fara gwadawa. Amma hukuncin ƙarshe na ƙwallo ne, yadda ya tashi da inda ya sauka.

Duk inda na ce dama ko hagu a ƙasa, da mai bugu da hannun dama nake. Bahago sai ya juya maganar.

Kayan da za ka tanada

- Direbar da kake wasa da ita yanzu, ko ta aro in ba ka da taka.
- Ƙwallaye 12 zuwa 15 iri ɗaya, irin waɗanda kake shiga fili da su. Tsofaffin ƙwallayen filin atisaye ba sa kai nisan na gaske, za su ruɗe ka.
- Tsinkayen tii, waɗanda ake ɗora ƙwallo a kai kafin a buga, masu tsawo ɗaya.
- Na'urar awon gudu in za a samu. Manyan su ne irin TrackMan da GCQuad, ƙananan da mutum zai iya mallaka su ne irin Garmin Approach R10, FlightScope Mevo, PRGR da Swing Caddie.
- Farar hoda ta feshi irin ta ƙafa, ko makar rubutu a farin allo, don gane inda ƙwallo ke taɓa fuskar sanda.
- Tef ɗin awo na tela ko na kafinta, da tef ɗin takarda mai liƙewa.
- Makullin da ake kwance kan direba da shi, in taka mai kwancewa ce.
- Takarda da biro.
- Kadi, wato mai ɗaukar jakar sanduna, ko aboki mai ido.

Mataki na 1: Karanta abin da ke hannunka

Juya shaf ɗin a hankali ka karanta duk rubutun da ke jikinsa. Za ka ga harafin tauri, sau da yawa haɗe da lamba, kamar 5-R ko 6-S ko 60 S. Lambar nauyi take nunawa: 5 na nufin giram hamsin da wani abu, 6 na nufin sittin da wani abu. Shaf ɗin Project X ba haruffa yake amfani da su ba, lambobi ne: 5.5 ya yi daidai da R, 6.0 da S, 6.5 da X. Idan ka ga SR, to galibi sandar don kasuwar Japan aka yi ta, kuma tsakanin R da S take. Duba lambar kwanciyar fuska a ƙasan kai ma, wato yawan digirin da fuskar sanda ta kwanta baya, 9 ko 10.5 ko 12, ka rubuta.

Sai ka auna tsawo. Ka dafa sandar a ƙasa yadda kake tsayawa in za ka buga, ka ja tef daga ƙasa ta bayan diddigen kai, wato gefensa na kusa da shaf, har ƙarshen mariƙi. Direbobin da ake sayarwa yanzu yawanci tsakanin inci 45 ne da 45 da kwata uku. Idan taka ta tsaya a 44 ko ƙasa da haka, mai yiwuwa wani ya riga ya yanke ta, kuma harafin da ke jiki ba lallai ya faɗi gaskiyar taurinta ba.

Mataki na 2: Auna gudun sandarka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Ka fara ɗumama jiki. Minti goma na miƙe gaɓoɓi da bugun ƙananan sanduna, sannan ka ɗauki direba. Gudun da ka auna da sanyin jiki bai kai gudunka ba, wanda ka auna bayan ƙwallo ɗari kuma na gajiyayye ne.

Ajiye na'urar inda takardarta ta ce, yawancin masu aiki da radar a bayan ƙwallo ake sa su, a miƙe da inda kake nufi. Zaɓi bishiya ko tuta can nesa ka ɗauke ta a matsayin tsakiyar fili. Buga ƙwallo goma, kana hutawa kamar rabin minti tsakaninsu, kana rubuta gudun kan sanda na kowane bugu. Cire biyu mafi sama da biyu mafi ƙasa, ka haɗa shidan da suka rage ka raba gida shida. Wannan ne gudunka.

Kada ka yi kokawa da na'ura. Da mutum ya ga lamba tana fitowa, sai zuciya ta ce a ƙara, ya cije leɓe ya zabga da iya ƙarfinsa har yana tangaɗi. Zai ga 101 sau ɗaya, ya riƙe wannan lambar ya je ya sayi S ko X, alhali ranar gasa, da rami a hagu da ciyawa a dama, 90 yake bugawa. Bugun da za ka iya yi a rami na 16 bayan ka sha rana shi muke nema.

Ka kuma tabbatar da ma'aunin da na'urar ke nunawa. Alƙaluman da ke cikin wannan bayani mil ne a awa. In na'urarka kilomita take bayarwa, raba da 1.6. In mita a daƙiƙa ce, kamar yadda ake yi a Japan, ninka da 2.24, wato 40 ya zama kusan mil 90. Kada kuma ka rikita gudun ƙwallo da gudun sanda, na ƙwallo ya fi yawa sosai. Idan na ƙwallo kaɗai na'urar ke nunawa, raba shi da 1.45 ka sami kimanin na sanda: ƙwallo mai gudun 130 ya fito daga sanda mai gudun kusan 90.

In babu na'ura

Yawancinmu haka muka fara, kuma ana samun amsa mai amfani. Abin da za ka auna shi ne nisan da ƙwallo ya yi a sama kafin ya taɓa ƙasa, ba inda ya tsaya ba. Wannan bambancin yana da girma a filayenmu. A Kano, Kaduna ko Zariya, daga Disamba zuwa Afrilu ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallo zai sauka ya yi ta gudu yadi 40 ko fiye. Mutum ya je ya tarar da ƙwallonsa a yadi 250 ya ce shi mai 250 ne, alhali a 205 ya sauka. Da damina ta zauna sai ya rasa inda yadi 45 ɗinsa suka shiga.

Fita da sassafe kafin iska ta taso. Kadi ya je ya tsaya can gefe, nesa da layin bugu, inda bishiya za ta kare shi, idonsa a kanka. Duk ƙwallon da ya sauka, ya lura da inda ƙura ta tashi, bayan ka ɗaga masa hannu ya je ya soka tsinke a wurin. Bayan bugu goma za ka ga tsinkayen sun taru a wani yanki, biyu ko uku sun fanɗare. Tsakiyar taron za ka auna, da na'urar awon nisa, ko manhajar golf ta waya, ko da taku in ka san takunka ya kai yadi. Idan iskar hunturu ta riga ka fitowa, buga biyar kana fuskantarta, biyar tana bayanka, ka ɗauki tsakiya.

Raba nisan da 2.3. Yadi 205 ya ba ka kusan mil 89. Yadi 230 ya ba ka 100.

Mai awo a Jos, a Rayfield ko Lamingo, ya rage kusan kashi 5 cikin 100 kafin ya raba. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo yana ƙara nisa ba tare da hannunka ya ƙara sauri ba. Yadi 220 a Jos kamar 210 ne a Legas.

Wannan lissafin yana aiki ne in kana samun tsakiyar fuska. Wanda ƙwallonsa ke yanke wa dama sosai yana asarar nisa, don haka gudunsa na gaske ya fi abin da lissafin zai ba shi. Irin wannan mutum ya daure ya nemi na'ura ko sau ɗaya ne. Ka tambayi ƙwararren kulob ɗinku, ko 'yan wasan da ke yawan zuwa Abuja da Legas, da wuya a rasa mai ƙaramar na'ura a jaka.

Mataki na 3: Nemo harafin farawa

- Ƙasa da mil 72, ko ƙasa da yadi 165 a sama: L
- Mil 72 zuwa 83, yadi 165 zuwa 190: A
- Mil 84 zuwa 96, yadi 190 zuwa 220: R
- Mil 97 zuwa 104, yadi 220 zuwa 240: S
- Mil 105 zuwa sama, fiye da yadi 240: X

Don ka san inda ka tsaya: alƙaluman TrackMan sun nuna matsakaicin ɗan wasan PGA Tour, gasar ƙwararrun maza ta Amurka, yana tsakanin mil 113 da 115, ƙwararrun matan gasar LPGA kuma 94 zuwa 96, matsakaicin namiji mai wasan nishaɗi kusan 93. Wato yawancin mazan da ke cika fili ranar Asabar 'yan R ne, ko bakin iyakar R da S. Harafin L ma ba na mata kaɗai ba ne, A ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai mata masu buga S, akwai saurayi sabon shiga da A zai fi yi wa amfani a shekararsa ta farko.

Ga kuma abin da dillalin sanda ba zai gaya maka ba: babu wata hukuma da ta tsayar da ma'anar waɗannan haruffa. Abin kamar mudu ne, na wannan kasuwa ba na waccan ba ne, ko da sunan ɗaya. S na wani kamfani zai iya yin laushin R na wani. S da aka yi don kasuwar Japan yawanci ya fi na Amurka laushi da rashin nauyi. Ko suna ɗaya ne a jiki, shaf ɗin da ya zo tare da sanda daga kamfani wani lokaci ya fi wanda ake saya daban laushi. Tun da yawancin sandunanmu na hannu ne, daga ƙasashe daban-daban suka taru, wannan maganar ta fi shafar mu.

Mataki na 4: Gyara harafin da yanayin saukowarka

Mutum biyu za su iya buga mil 95 daidai, amma shaf ɗaya bai yi musu ba. Na farko yana ɗaga sanda a natse, ya ɗan dakata a sama, ya sauko yana ƙara gudu a hankali. Na biyu kafin sandar ta gama hawa ya fizgo ta. Mai fizga yana matsa wa shaf lamba tun daga sama, don haka yana buƙatar ƙarin tauri, sau da yawa da ƙarin nauyi.

Ba ka iya gane wannan da kanka, kowa gani yake a natse yake bugu. Sa a ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe, ka kalla a hankali, ko ka tambayi tsohon kadi. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga ɗaukar jaka suka fara, kuma wanda ya shekara goma yana kallon bugun mutane zai gaya maka cikin bugu uku ko kai mai fizga ne.

Idan kana tsakiyar rukuni, zauna a harafinka. Idan kana bakin iyaka, misali 95 zuwa 98, mai fizga ya hau sama, mai natsuwa ya tsaya ƙasa. In ka rasa wanne ne kai, ni dai ina ba da shawarar mai laushin. Mai wasan nishaɗi ya fi shan wahala da shaf da ya fi ƙarfinsa, don yana tilasta masa ya yi ta dukan ƙarfi, kuma daga nan komai ke lalacewa.

Mataki na 5: Zaɓi nauyi

Mutane na tsallake wannan, alhali a hannu nauyi ya fi harafi jiyuwa. Shaf ɗin direba yana farawa daga kusan giram 40 zuwa 80 da ɗoriya. A matsayin mafari: ƙasa da mil 85, nemi arba'in da wani abu zuwa hamsin da wani abu. Daga 85 zuwa 100, hamsin zuwa sittin da wani abu. Sama da haka, sittin zuwa saba'in da wani abu. Mara nauyi yana ƙara ɗan gudu, amma in ya yi maka sakayau ba za ka san inda kai yake ba, ƙwallo ya yi ta watsuwa. Mai nauyi yana daidaita mai gaggawa, amma in ya wuce ƙarfinka za ka gane a ramukan ƙarshe, lokacin da kafaɗa ta fara ƙorafi.

Sau da yawa mutumin da ke cewa R ya yi masa laushi, ba harafin ne matsalarsa ba. R mai giram 50 yake riƙe da shi, da ya gwada R mai giram 65 sai magana ta ƙare.

Za ka ji ana maganar inda shaf ya fi lanƙwasa, da yadda yake murɗewa. A yanzu abin da ya ishe ka shi ne: mai laushin baki, wato kusa da kai, yana taimaka wa ƙwallo ya tashi sama, mai taurin baki yana ɗan danne shi. Wasu kamfanoni da launi suke nuna haka. A jerin Ventus na Fujikura, ja ya fi ɗaga ƙwallo, shuɗi na tsakiya, baƙi ya fi dannewa.

Mataki na 6: Gwada biyu kafaɗa da kafaɗa

Gani ya kori ji. Samo shaf biyu, harafin da lissafi ya ba ka da maƙwabcinsa. Mafi kyau a ce kai ɗaya za ka riƙa ɗaura musu, don ka tabbata bambancin daga shaf yake. Amma fa mahaɗin da ke ɗaura shaf da kai na kowane kamfani daban ne, na TaylorMade ba ya shiga Callaway, na Ping ba ya shiga Titleist. Nemi abokan da ke riƙe da irin sandarka. In hakan bai samu ba, ari direbobi biyu masu kwanciyar fuska ɗaya da tsawo kusan ɗaya. Wajen ɗaurewa, murɗa makullin har sai ka ji ya yi ƙas, sannan ka tsaya.

Kafin ka fara, ba abokinka tef ɗin takarda ya rufe haruffan, ya rubuta 1 da 2 a kai, kada ya gaya maka wanne ne wanne. Na sha ganin mutum ya rantse S ne nasa, ya buga a rufe, ya zaɓi lamba 2 da murna yana cewa wannan ce ke jin maganarsa, a ɓare tef a ga R. Wasu sukan yi dariya su karɓa. Wasu kuma sai su ce a sake gwajin.

Fesa hoda siririya a fuskar sanda, ko ka shafa makar allon a bayan ƙwallo inda fuska za ta taɓa. Buga biyar da na ɗaya, duba tabon da ƙwallo ya bari, zana shi a takarda, goge ka sake fesawa, buga biyar da na biyu. Yi haka zagaye uku. Kada ka buga goma sha biyar a jere da ɗaya, domin na biyun zai tarar da kai a gajiye.

Abubuwa huɗu za ka duba, a wannan jerin:

Na farko tabon fuska. Shaf ɗin da ya tara tabo a wuri ɗaya kusa da tsakiya, ko ɗan sama da tsakiya kaɗan, shi ne ke tafiya da hannunka. Idan tabon ya bazu daga diddige zuwa yatsa, wato gefen kai na nesa da shaf, da sauran aiki.

Na biyu faɗin watsuwa. Auna daga ƙwallon da ya fi yin hagu zuwa wanda ya fi yin dama. Yadi 30 ya fi yadi 55, ko da mai 55 ɗin ne ya ba ka bugu mafi nisa na ranar.

Na uku tashin ƙwallo. Wanda ya yi maka tauri galibi yana fitar da ƙwallo ƙasa-ƙasa, ya faɗo da wuri, ya karkata dama, kuma a hannu za ka ji shi a mace. Wanda ya yi maka laushi galibi yana cilla ƙwallo sama ya tsaya yana shawagi ya faɗo ba gudu, wani ya yi hagu wani dama, kana jin kai yana biyo ka a baya. In da babbar na'ura, mai mil 90 ya nemi ƙwallo ya tashi a kusan digiri 13 zuwa 16, yana juyawa wajen sau 2,200 zuwa 2,800 a minti. Mai mil 105 ya nemi ƙasa da haka kaɗan a duka biyun.

Na huɗu matsakaicin nisa, ba mafi tsawo ba.

Na ce galibi da gangan, domin jikin mutum yana gyara kansa ba tare da ya sani ba, wani in an ba shi mai laushi sai ya rage fizga ƙwallonsa ya miƙe, wani sai ya ƙara rikicewa. Shi ya sa ake gwadawa. Ka kuma lura da tabon kafin ka zargi shaf: bugun diddige da kansa yana karkata ƙwallo dama, bugun yatsa yana jan sa hagu, bugun ƙasan fuska yana ƙara masa juyawa ya rage nisa. Wanda ƙwallonsa ke yanke wa dama yadi 50 a kowane bugu kuwa, babu shaf ɗin da zai warkar da shi. Fuskar sandarsa a buɗe take isa ƙwallo, koci yake buƙata, kuma kuɗin darasi bai kai na sabon shaf ba.

Idan ba ka yarda da harafin da ke jiki ba

Masu gyaran sanda suna da injin da ke ƙirga kaɗawar shaf a minti, kuma kusan kaɗawa 10 ne tsakanin harafi da harafi. In babu injin, ga dabarar gida. Naɗe mariƙin da tsumma, ka danne inci biyar na ƙarshensa a bakin tebur mai ƙarfi, sauran sandar tana miƙe a iska kusa da bango. Yi alama a bango daidai wuyan sandar. Rataya gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a wuyan, ka sake yin alama inda ya sauka. Yi wa ɗaya sandar haka, da tsawo ɗaya a waje. Wadda ta fi sauka ita ce mai laushi. Ba zai gaya maka harafi ba, amma zai gaya maka wacce ta fi wacce, kuma abin da kake so ka sani ke nan. Kada ka matse shaf da ƙarfe tsirara, girafayit ɗin da aka ƙera shi da shi yana tsagewa daga ciki ba ka gani ba.

Mataki na 7: Duba na hannu kafin ka biya

Bi shaf ɗin da yatsa daga sama har ƙasa. Inci shida na kusa da kai su ne wurin da ya fi karyewa, duba ko akwai tsaga, ko fenti ya kumbura. Duba wurin da bakin jaka ke goga shi, in gogewar ta wuce fenti ta ci jiki, bar shi. Riƙe kai da hannu ɗaya, mariƙi da ɗaya, ka ɗan murɗa a hankali kusa da kunne: in ka ji ƙas-ƙas, ko gam ya saki ko shaf ya tsage. Girgiza ka ji ko wani abu na yawo a ciki. Jabu ma suna yawo, musamman na shaf masu tsada. Rubutu mai dishi-dishi, launi da ya saɓa da hoton kamfani, da farashin da ya yi daɗi fiye da kima, duk alamu ne. Nemi mai sayarwa ya bar ka ka buga ko ƙwallo goma ne. Wanda ya ƙi, ka san dalili.

In shaf kaɗai za ka saya, tabbatar da kaurin bakinsa. Yawancin direbobi inci 0.335 ne, wasu 0.350.

Mataki na 8: In sauyawa ba ta samu ba, gyara wadda ke hannu

Idan ta yi maka tauri, ba a iya mayar da shaf mai laushi, amma ana rage illar. Ƙara kwanciyar fuska da makulli, yawancin mahaɗai suna ba da digiri ɗaya zuwa biyu, kuma ƙarin yana ɗan rufe fuska, abin da mai ƙwallon dama ke so. Ɗaga tii har rabin ƙwallo ya leƙo saman kai. A gida ko filin atisaye ake wannan gyara, doka ba ta yarda ka sauya saitin sanda kana tsakiyar zagaye ba.

Idan ta yi maka laushi, fara da riƙe ta inci ɗaya ƙasa da ƙarshen mariƙi, ka buga zagaye biyu haka. In ya yi, shi ke nan. In bai isa ba, mai gyara zai iya cire shaf ya yanke rabin inci daga baki, wanda ke ƙara tauri. Rabin inci tukuna, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Yankewa daga wajen mariƙi kuwa tsawo take ragewa, taurin da take ƙarawa kaɗan ne, kuma kai zai yi maka sakayau: duk rabin inci da aka cire yana buƙatar kusan giram 6 na tef ɗin dalma a ƙasan kai don nauyin ya dawo yadda yake. Gajeruwar direba ba abin kunya ba ce, ƙwararru da yawa ba sa wuce inci 45, don sun fi samun tsakiyar fuska da ita.

Wannan aikin kada ka kai wa mai walda. Da iska mai zafi ake sassauta gam, a ja shaf ɗin a miƙe da abin ja, ba a murɗawa, ba a sa masa harshen wuta. Wajen mayarwa a yi amfani da gam mai haɗi biyu wanda ke ɗaukar awa 24 kafin ya kama, kuma a bar shi ya cika awannin kafin a buga.

Bayan ka daidaita, rubuta gudunka, harafi, nauyi, tsawo da kwanan wata, ka ajiye a aljihun jaka. Sake awo bayan shekara, ko bayan darussa masu yawa, ko jinya, ko in ka ga nisanka a sama ya sauya da yadi 15. Sabon shiga ya sake bayan wata shida, don gudunsa na saurin hawa. Jakar kuma kada ta riƙa wuni a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, zafi yana raunana gam ɗin da ke riƙe da kai, yana kuma busar da mariƙi.